Lambar kwastam a kan tufafin maza na auduga: yadda ake rarrabe su, da abin da ke isowa kasuwar ƙauye

Duk rigar shat, singileti ko wandon jins da aka baza a kasuwar Wudil ranar Juma'a, ko Dambatta ranar Lahadi, ko Maigatari ranar Alhamis, in dai daga waje kayan suka zo ta halastacciyar hanya, akwai lamba mai alƙaluma 10 da aka rubuta musu a takardar kwastam kafin su bar tashar da suka sauka a ƙasar nan. Ɗan kasuwar da ya saro dozin biyar a Kantin Kwari bai taɓa ganin wannan lamba ba, amma abin da ta jawo yana cikin kuɗin da ya biya.

Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne a ga 'yan kasuwa biyu sun yi odar riguna masu kama da juna, na ɗaya ya fito cikin kwanaki, na ɗayan ya maƙale a tasha har a yanka masa ƙarin kuɗi. Da yawa sun ɗauka jami'in da ke bakin aiki ne ke zaɓar lambar yadda ya ga dama. Ba haka tsarin yake ba. Ƙa'idoji ne rubutattu, kuma mafi yawansu mai kaya zai iya gwada su da hannunsa da idonsa tun kafin a yi lodi.

Asalin lambar

Hukumar Kwastam ta Duniya, mai hedikwata a Brussels ta ƙasar Beljiyam, ita ke kula da tsarin da ake kira HS, wanda ya fara aiki a 1988. Ƙasashe da yankuna fiye da 200 ke amfani da shi. Alƙaluma 6 na farko iri ɗaya ne a ko'ina: biyun farko babi, biyu na gaba rukuni, biyun ƙarshe ƙaramin rukuni. Rigar shat ta maza ta auduga 6205.20 ce a Guangzhou, haka take a Dubai, haka take a Apapa.

Sauran alƙaluma 4 na yankinmu ne. Najeriya na bin jadawalin fito na bai-ɗaya na ECOWAS, wanda ya fara aiki a 2015, mai matakai biyar: kashi 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Ana sabunta tsarin HS kusan duk shekara biyar, kuma wanda ake kai yanzu na 2022 ne. Wannan sabuntawa kan kayar da ejan, wato wakilin da ke fitar wa mai kaya kayansa daga hannun kwastam, in ya saba kwafo lamba daga tsohuwar takarda. Misali, jaket ɗin sanyi ta maza ta auduga da a da ake rubuta wa 6201.92, tun 2022 ta koma 6201.30, tsohuwar lambar ta daina aiki.

Tambaya ta farko: wace irin saƙa ce?

Kafin a tambayi ko riga ce ko wando, kafin ma a tambayi ko auduga ce, sai an fara duba yadda aka saƙa yadin. Iri biyu ne. Akwai saƙar masaƙa, inda zaren tsaye da na kwance ke giftawa, kamar shadda, yadin shat da jins. Akwai kuma saƙa irin ta kwarashi, inda zare ke tafiya a maɗaukai, kowane ya sarƙe da na kusa da shi, kamar singileti, tishat da suwaita. Tufar da aka ɗinka da saƙar kwarashi tana babi na 61. Wadda aka ɗinka da saƙar masaƙa tana babi na 62.

Gwajin da aka fi yi shi ne a ja yadin: na kwarashi yana talewa ya koma, na masaƙa ba ya yi. Sai dai wannan gwaji yana yaudara, domin yanzu ana sa zaren roba kaɗan a cikin jins ya riƙa talewa, alhali saƙar masaƙa ce, yana nan a 6203.42. Abin da ya fi tabbas shi ne a juya bayan yadin a duba da kyau a cikin haske. In an ga ƙananan maɗaukai a jere, babi na 61 ne. Wandon auduga na shan iska mai irin wannan saƙa 6103.42 ne, ko da a ido ya yi kama da na yadi.

Shat, tishat ko suwaita

A nan ake yawan samun saɓani, saboda sunan da kasuwa ta ba riga ba shi jadawalin ke bi ba. Tishat da singileti na auduga suna 6109.10. Riga mai kwala da maɓallai biyu ko uku a wuya, mai saƙar kwarashi, wadda samari ke kira polo, tana 6105.10. Suwaita da makamantanta suna 6110.20.

Bayanan babi na 61 sun shata iyakokin dalla-dalla. Riga ba ta shiga 6105 in tana da aljihu a ƙasan ƙugu, ko tana da roba ko wani abin tsukewa a gindinta, ko ba ta da hannu. Haka kuma in saƙarta mai gwaɓi ce, wato maɗaukan ba su kai 10 ba a kowace santimita a tsaye da kwance, bayan an ƙirga a fili mai aƙalla santimita 10 kowane ɓangare. Tishat ma in an sa mata zariya ko roba a gindi, ta fita daga 6109. Irin waɗannan riguna mafi yawa 6110 suke komawa. Ke nan ɗan abu kamar robar gindin riga, wanda mai oda ba zai ko kula da shi ba a hoton da aka turo masa ta WhatsApp, ya isa ya sauya lambar kwantena guda.

Kayan ciki suna da nasu gurbin: kamfai mai saƙar kwarashi 6107.11, gajeren wandon ciki na yadi 6207.11. Safa 6115 ce. Hula ba ta cikin waɗannan babuka ma sam, tana babi na 65. Kayan jarirai kuwa, wato na yaron da tsayinsa bai wuce santimita 86 ba, suna 6111 ko 6209, ba a duba namiji ko mace.

Auduga nawa ce auduga?

Tufafin da ke zuwa daga Sin, Turkiyya, Indiya ko Bangaladash ba kasafai suke zama auduga zalla ba. Ƙa'idar sashe na 11 na jadawalin, wanda ya ƙunshi zare da yadi da tufafi, ita ce a bi zaren da ya fi nauyi. Ba a duba kyan gani, ba a duba tsada, nauyi kawai. Shat mai auduga kashi 60 da polista kashi 40 ta auduga ce, 6205.20. In aka juya, polista 65 auduga 35, ta zama 6205.30, rukunin zaren da ɗan'adam ya sarrafa.

Wurare biyu ke kayar da mutane. Na farko, in suka yi kunnen doki, hamsin-hamsin, ana bin wanda ya zo daga baya a jerin lambobi. Auduga tana babi na 52, polista tana 54 da 55, don haka rigar ba ta auduga ba ce a idon kwastam. Na biyu, ana haɗa nauyin zarurrukan babi na 54 da 55 a matsayin abu guda kafin a gwada su da auduga. Shat mai auduga 40, polista 35, biskos 25 (shi ma zaren da ɗan'adam ya sarrafa ne), auduga ce ta fi kowane ɗaya yawa, amma biyun sun haɗu sun zama 60, sun rinjaye ta.

'Yar takardar da ke wuyan riga ba hujja ba ce. Akwai rigunan da aka buga wa auduga ɗari bisa ɗari alhali fiye da rabi roba ce. Tsohon gwajin masu sayar da yadi yana taimakawa: a zare zare kaɗan daga bakin ɗinki a sa masa ashana. Auduga tana ci da wuta da ƙaurin takarda, ta bar toka mai laushi. Polista tana narkewa ta dunƙule, in ta huce ta yi tauri. Gauraye yana yin duka biyun. Wannan gwaji zai nuna akwai roba, amma ba zai faɗi kashi nawa ba, wannan sai ɗakin gwaji. Shi ya sa mai odar kaya da yawa yake neman masana'anta ta rubuta masa haɗin zaren a takardar farashi da takardar jerin kaya, ba a baki ba.

Ta maza ce ko ta mata?

Inda ɗinki bai nuna a fili ba, ana duba yadda gaban riga ke rufewa. In ɓangaren hagu ne ke hawa kan na dama, ta maza ce. In dama ce a kan hagu, ta mata. In kuma an rasa gane ta kowace hanya, ƙa'ida ta ce a sa ta a rukunin mata. Tishat da suwaita ba su da wannan matsala, domin 6109 da 6110 ba su raba maza da mata ba.

Jallabiya, kaftani da yadin da ba a ɗinka ba

Jadawalin an gina shi ne a kan suturar Turawa: kwat, shat, wando. Babu rukunin da ya ambaci kaftani ko babbar riga da suna. Jallabiyar da ake shigowa da ita dab da azumi galibi tana faɗawa 6211, wato sauran tufafi: 6211.32 in ta auduga ce, 6211.33 in ta zaren roba ce. Mafi yawan fararen jallabiyoyi masu sheƙi da ake gani a kasuwannin ƙauye roba ce ta rinjaya a cikinsu, ko da mai sayarwa ya ce auduga ce.

Riga da wando da aka haɗa a leda ɗaya sun fi rikitarwa. Asalin ƙa'ida ita ce kowace tufa a ba ta lambarta, ko da an sayar da su tare. Amma akwai rukunin saiti, 6203.22, mai sharuɗɗa: riga ɗaya ta sama da wando, yadi iri ɗaya, launi ɗaya, haɗin zare ɗaya, girma mai dacewa da juna, an kuma shirya su don sayarwa tare. 'Yar gajeriyar riga da wandonta na yadi ɗaya ta cika waɗannan. Doguwar riga har idon sawu kuwa ana iya jayayya a kanta, tunda sharaɗin ya ce tufar da ke rufe saman jiki. Ejan zai iya ganin saiti ne, jami'i ya ga jallabiya da wando ne daban-daban, kowanne kuma yana da abin da zai nuna a rubuce.

Shadda da yadin da suka zo a bandir ba tufafi ba ne, suna babi na 52: 5208 in auduga ta kai kashi 85 kuma nauyin yadin bai wuce giram 200 a murabba'in mita ba, 5209 in ya wuce. Amma ƙa'ida ta biyu daga cikin manyan ƙa'idoji shida na fassara jadawalin ta ce abin da ba a gama ba, in ya riga ya ɗauki siffar gamammen, ana lissafa shi a gamamme. Kaftanin da aka yanka, aka yi masa aikin wuya, haɗa gefe kawai ya rage, tufa ce ba yadi ba. Wannan iyaka tana da nauyi, domin yaduka ba duka suke mataki ɗaya na fito ba.

Gwanjo

Lambar gwanjo 6309 ce, kuma sai abu biyu sun haɗu: kayan su nuna alamar an sa su sosai, su kuma zo a dila, buhu ko a zube. Gwanjo yana cikin jerin kayan da Najeriya ta haramta shigowa da su kwata-kwata. Ba maganar ƙarin fito ba ce, maganar kamawa ce. Duk da haka kowa ya san kasuwar gwanjo ta Ƙofar Wambai a Kano, ya kuma san daga nan dila ke bazuwa zuwa ƙauyuka.

Abin da ya shafi mai sabon kaya a nan shi ne ɗauri. Ragowar sababbin riguna da masana'antu ke sayarwa da araha sau da yawa a dila ake matse su don rage kuɗin jirgi. A ƙa'ida suna nan a babi na 61 ko 62 tunda ba a taɓa sa su ba. Amma jami'in da ya buɗe kwantena ko ya tare mota ya ga dila, gwanjo zai fara zato, kuma mai kaya ne zai sha wahalar nuna akasin haka. Kaya a katan, kowace riga a ledarta, ya fi tsadar dako amma ya fi sauƙin karewa. In kuwa an cusa dila biyu na gwanjo a bayan sababbin kaya, an jefa kwantenar duka cikin haɗari.

Yadda lissafin ke tafiya

Ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: ɗinkakkun tufafin babi na 61 da 62 a matakin kashi 20 suke a jadawalin ECOWAS. Sauya shat daga 6205.20 zuwa 6205.30, ko daga babi na 62 zuwa 61, ba ya sauya wannan kaso. Gwamnati kan ɗora ƙarin haraji a kan wasu layuka ta takardar manufofin kuɗi da ma'aikatar kuɗi ke fitarwa, don haka ejan na duba layin a ranar da zai shigar da takarda. Amma a mafi yawan lokuta rigimar lamba a kan tufafi, rigimar ƙima ce. Lamba ce ke gaya wa kwastam irin kayan, irin kayan kuma shi ke nuna farashin da za su yarda da shi. Wanda ya rubuta singileti alhali wandon jins ne a ciki, ba kason fito ya rage ba, kuɗin da za a lissafa kason a kai ya rage.

Ana lissafa fito a kan ƙimar CIF, wato kuɗin kaya da na jirgi da na inshora, a canjin dalar da Babban Bankin Najeriya ya ba kwastam. A ɗauki misali kawai: riguna 5,000, kuɗinsu a tashar da aka yi lodi naira miliyan 9, da jirgi da inshora miliyan 10. A tsarin da aka daɗe ana bi, fito kashi 20 naira 2,000,000 ne. Ƙarin kashi 7 na fiton, 140,000. Harajin ECOWAS na kashi 0.5, 50,000. Kuɗin duba kaya na kashi 1 a kan miliyan 9, 90,000. Sai VAT na kashi 7.5 a kan jimillar duka tare da ƙimar kayan, 921,000. An tashi da 3,201,000, kusan kashi 32 na ƙimar, kimanin naira 640 a kan kowace riga, ban da kuɗin tasha, na kamfanin jirgi, na ejan da na mota zuwa Kano. Dokar Hukumar Kwastam ta 2023 ta tanadi cajin kashi 4 a kan kuɗin kaya a tashar lodi. An fara karɓarsa a Fabrairun 2025, aka dakatar bayan koke-koken 'yan kasuwa da masu masana'antu, kuma tun daga nan ake ta kai-komo a kansa. A misalin nan, kashi 4 naira 360,000 ne.

Inda ake tuntuɓe

Lambar tana fara shiga takarda ne tun a Fom M, takardar neman shigo da kaya da mai oda ke buɗewa ta bankinsa kafin a yi lodi. Daga nan kwastam ke fitar da PAAR, rahoton ƙiyasi kafin isowar kaya, sannan ejan ya shigar da takardar bayyana kaya a biya. In aka buɗe kwantena aka ga abin da ke ciki ya saɓa wa takarda, sai a yanka DN, wato takardar neman cikon kuɗi, kaya kuma su zauna kuɗin ajiya na hawa kullum.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne lamba ɗaya ga kwantena mai kaya iri shida. Ɗan kasuwa ya haɗo shat, tishat, jins, kamfai, safa da hula, takardar farashi ta ce "tufafin maza" kawai. Kowane iri na buƙatar layinsa, da adadinsa, da farashinsa, da haɗin zarensa. Na biyu shi ne dogaro da lambar da mai sayarwa a Sin ya rubuto: shida na farko za su iya dacewa, amma na bayansu na ƙasarsa ne, ba na ECOWAS ba. Matsalar ta fi tsanani ga ƙananan 'yan kasuwa da ke haɗa kuɗi su cika kwantena ɗaya da sunan mutum ɗaya, domin kuskuren mutum guda yana tsare kayan kowa. Tun 2024 hukumar kwastam ta buɗe hanyar neman hukunci tun kafin oda, inda mai kaya zai gabatar da bayanin tufar a ba shi lambarta a rubuce. Ga mai shigo da jallabiya ko saiti duk shekara, wannan ya fi jayayya a bakin kwantena.

Kowa da inda yake kallo

Hukumar kwastam na ganin rubuta lambar da ba daidai ba da karya farashi a matsayin hanyar zurarewar kuɗin gwamnati, tana kuma buƙatar lambobin don sanin abin da ke shigowa ƙasa. Masu shigo da kaya na kukan cewa sau da yawa ba a yarda da farashin da suka saya da gaske, ana ɗora musu wanda ya fi shi, ga canjin dala da kan motsa tsakanin ranar oda da ranar biya. Duka biyun suna da abin kamawa: akwai takardun farashi na bogi, akwai kuma kaya masu araha na gaskiya.

Masu masaƙu da ma'aikatansu, waɗanda suka ga yadda masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai da na Kaduna suka durƙushe, suna ganin kashi 20 bai isa kariya ba, balle a ce wasu kayan ba su biya ko sisi ba. Manoman auduga na wajen Ƙaraye da Rogo suna tare da su, tunda masaƙa ce kasuwarsu. Gwamnati ta gwada matsi: a 2015 Babban Banki ya hana masu shigo da yadi da tufafi dalar gwamnati, aka rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020 da aka buɗe Maigatari da wasu uku, sannan aka ɗage takunkumin dalar a Oktoban 2023. Masu sukar matsin na cewa duk lokacin da hanyar tasha ta yi tsada, kayan ba sa daina zuwa, hanya suke sauyawa, su biyo ta Kwatano da Nijar su shigo ta daji.

A nan akwai wata fahimta da ke buƙatar gyara. Yafe fito tsakanin ƙasashen ECOWAS na kayan da aka yi a cikin yankin ne, masu takardar shaidar asali. Rigar da aka ɗinka a Sin ba ta zama 'yar yanki don ta kwana a Maraɗi ko Damagaram. Nijar ma ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025.

Abin da ke isa ga mai saye da mai sari

Magidancin da ke saya wa yaransa kayan sallah a Gumel ko Ringim yana biyan fiton ne a cikin farashi, kuma tunda kaso ɗaya ne ga mai araha da mai tsada, canjin dala ya fi lambar kanta motsa abin da zai biya. In kwantena ta yi makonni a tasha saboda DN, kayan da aka yi wa lissafin azumi sai su iso bayan salla, dillali ya ɗora asarar a kan sari na gaba. Telan ƙauye kuwa iyakar yadi da ɗinkakke ce ta shafe shi: duk lokacin da ɗinkakkiyar jallabiya ta fi yadi da kuɗin ɗinki araha, aikinsa ne ke raguwa.

Mai sari daga Kwari zuwa kasuwannin mako ba shi ne ya shigo da kaya ba, amma shi ake tarewa a hanya. Kano da Jigawa suna ƙarƙashin shiyyar da rundunar sintiri ta kwastam mai hedikwata a Kaduna ke kula da ita, kuma motar da ta doshi Maigatari ko Ɓaɓura da dila an fi sa mata ido. Abin da zai kare shi shi ne rasit mai sunan shago da lambarsa, wanda ya faɗi irin kaya da adadinsu, ba "kaya katan uku" ba. In sarin ya yi yawa, ya nemi dillalin ya ba shi kwafin takardar biyan fito, ya kuma duba cewa abin da takardar ta ambata shi ne a cikin motar, domin takardar singileti ba ta kare katan ɗin jins.